Sista, Mene Ne Tambayarki?

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma mafi yawan shekarun aikina a dutin dare na yi su. Lokacin da na koma jami'a yin digiri na biyu girma ya fara kama ni, 'yan ajinmu da yawa sa'o'in ƙannena ne. Karatun aji bai ba ni wahala ba, don rabin abin da ake koyarwa na riga na gan shi da idona a bakin gadon marasa lafiya. Inda na tsaya cak shi ne kundi.

Na zaɓi in yi nazari a kan barcin ma'aikatan jinya masu aikin dare, da yadda ƙarancinsa ke shafar aikinsu. Abu ne da na sani a jikina tun kafin in san ana rubutu a kansa. Na san nauyin idon ƙarfe huɗu na asuba, sa'ad da lambobin takardar magani suke fara rawa, mutum ya maimaita layi ɗaya kafin ya yarda da abin da ya karanta. Amma jami'a ba ta karɓar "na sani a jikina". Malamar da ke duba aikina ta ce mini, "Sista, a babi na biyu maƙalun mujallu nake so, waɗanda masana suka tantance. Ban hana ki littafi ba, amma littafi yakan zo a makare." Abin da take nufi shi ne, sabon bincike a mujalla yake fara fitowa, bayan edita ya aika wa wasu masana na fannin sun duba sun yi gyara ko sun ƙi. Kafin ya shiga littafin koyarwa an kwashe shekaru.

Na koma gida na buɗe kwamfuta. Maƙalu kam ga su nan birjik. Sai dai duk wadda ta yi mini, in na danna, tsakure kawai nake gani, sakin layi ɗaya, sannan shafin mawallafi ya nemi in sa katin banki kafin ya buɗe sauran. Maƙala guda ke nan, ni kuwa gommai nake bukata. A zauren hirar ajinmu na waya ana ta tura wa juna fayiloli, wasu babu shafin farko, wasu ba a san shekarar da suka fito ba, kowa na cusa abin da ya samu a kundinsa ko ya dace ko bai dace ba. Har na fara tunanin ko in sauya batu zuwa wanda kayansa suka fi sauƙin samu. Wata ƙanwata a aji ce ta ce, "Anti, kin je wajen Malam na ɗakin karatu kuwa? Ba wajen littattafai ba, teburin da ke gefe, na taimakon masu bincike."

Dattijo ne mai sanyin magana, gilashinsa rataye a wuya. Na gaishe shi, na ce ina neman maƙalu a kan aikin dare. Bai taɓa kwamfuta ba. Ya jawo farar takarda ya ce, "Sista, wannan batu ne. Mene ne tambayarki?"

Na ce ai shi ke nan, aikin dare da barci.

Ya ce, "Aikin daren wa? Direban babbar mota ma yana aikin dare, haka mai gadi. Barcin kuma, tsawonsa kike nufi ko daɗinsa? In ya ragu, me kike son ki gani ya faru?"

Muka ɗauki lokaci a kan wannan takardar. Ya ja layi biyu ya raba ta gida uku. A gida na farko ya ce in rubuta su wa nake nazari a kai: ma'aikatan jinya na asibiti. A na biyu, me ke samun su: dutin dare, ko duti mai juyawa tsakanin dare da rana. A na uku, me zan auna: ingancin barci da kuskure wajen ba da magani. Sannan ya ce a ƙarƙashin kowane gida in jera duk sunayen da marubuta za su iya kiran abin da su, domin wanda ya rubuta "gajiya" da wanda ya rubuta "rashin barci" da wanda ya rubuta "gyangyaɗi" sau da yawa abu ɗaya suke bi, na'ura kuwa ba ta san haka ba sai an gaya mata. Takardar nan tana cikin jakata har na gama kundin, ta yi laushi saboda ninkewa.

Sai bayan nan ya juyo da allon kwamfutarsa, ya tambaye ni ko na taɓa shiga shafin ɗakin karatun da lambar rajistata. Ya ce in nemo ɗaya daga cikin maƙalun da suka ƙi buɗuwa a gida. Na shiga ta shafin ɗakin karatu, na sa lambata da kalmar sirri, na nemo ta. Ta buɗe tun daga kanta har manazarta. Na yi shiru ina kallon allon. Ya ce, "An riga an biya miki, Sista. Kowace shekara jami'a tana biyan kuɗin rajistar waɗannan mujallu. Shafin mawallafi ne bai san ke ɗaliba ba ce in kin zo masa daga waje. In kina cikin harabar jami'a yana gane ki ta adireshin intanet ɗinmu. In kina gida, sai kin biyo ta ƙofarmu." Ya kuma nuna mini wani wuri a saitin Google Scholar, shafin Google na neman rubuce-rubucen ilimi, inda ake zaɓar sunan ɗakin karatun jami'a, daga nan duk maƙalar da muke da ita sai wata mahaɗa ta bayyana a gefenta. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da ya hana ni barci makonni, a zama ɗaya ya warware.

Amma da wannan ne kaɗai abin da na samu a wurinsa, da ban zauna rubuta wannan ba. Buɗe ƙofa shi ne ƙaramin aikin.

Ya ce Google Scholar, wanda aka fara a 2004, yana da amfani, sai dai yana kwaso komai da komai: maƙala, kundin ɗalibi, takardar taro, wani lokaci har abin da ba wanda ya tantance, kuma ba ya gaya maka dalilin da ya sa wannan ya zo sama wancan ya koma ƙasa. Don aikin kundi ya fi son rumbunan da aka tsara da hannun mutane. A fanninmu ya nuna mini uku. PubMed, na Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka, wanda kowa ke iya shiga kyauta tun 1997, yana ɗauke da bayanan maƙalu fiye da miliyan 35. CINAHL, wanda aka keɓe wa aikin jinya da dangoginsa, shi sai jami'a ta yi rajista. Sai Scopus, wanda ya haɗa fannoni da yawa. Ya ja hankalina a kan wani abu da ke ruɗa sababbi: waɗannan rumbunan yawanci fihirisa ne, suna gaya maka maƙala tana nan, wa ya rubuta, a ina ta fito, ga tsakurenta. Samun cikakkiyarta wani mataki ne daban, ya danganta da abin da ɗakin karatunku ya yi rajista da shi ko abin da aka saki kyauta.

Da ya ga ina jinjina yawan abin, sai ya tashi ya ce in biyo shi. A can ƙuryar bene akwai jerin manyan kundaye masu kauri, ƙura ta hau bayansu. Index Medicus ke nan, fihirisar maƙalun likitanci da John Shaw Billings ya fara a 1879, aka ci gaba da buga ta har 2004. Ya zaro ɗaya ya buɗe mini. Rubutu ne ƙanana ƙanana, an jera maƙalu a ƙarƙashin batutuwa. Ya ce da yana matashi haka ake yi: ka bi shekara bayan shekara da yatsa, ka kwafe sunan mujalla da juzu'i da shafi a ɗan kati, sannan ka tafi kanta ka nemo. Ban ga alamar yana kewar zamanin ba. So yake in gane cewa abin da ke cikin kwamfutar ɗan wannan kundin ne, kuma tsarin batutuwan nan bai mutu ba. A PubMed ana kiran shi MeSH: jerin sunaye ne tsayayyu da ake liƙa wa maƙala gwargwadon abin da ta ƙunsa, ko da marubucinta wata kalma daban ya yi amfani da ita. In ka samu sunan da ya dace da batunka, ka kamo maƙalun da kalmominka na kai ba za su taɓa kamowa ba.

Muka dawo tebur muka gina nema. Kalmomin gida ɗaya ana haɗa su da OR, wato ko wannan ko wancan, sakamako ya faɗaɗa. Gida da gida kuma ana haɗa su da AND, wato dole duka su kasance, sakamako ya tsuke. Ya ce dabarar ta samo asali daga lissafin George Boole, wani masanin lissafi ɗan Ingila na ƙarni na 19 wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba. Akwai NOT na cirewa, amma ya gargaɗe ni da shi, don in ka ce a cire duk maƙalar da ta ambaci likitoci, ka yar da wadda ta yi nazarin likitoci da ma'aikatan jinya tare. Ya rubuta nurs* da tauraro a ƙarshe domin ta kamo duk kalmar da ta fara da waɗannan haruffa, ya sa "night shift" cikin alamar zance don kalmomin biyu su zo a manne. Da gida ɗaya kawai, sakamako dubbai ne. Da muka ƙara na biyu ya sauko ɗaruruwa. Da na uku ya shigo, ya zama abin da mutum zai iya zama ya karanta kanunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in kwafe layin neman gaba ɗaya a littafina tare da ranar da na yi shi da sunan rumbun, don za a tambaye ni ranar kare kundi. An kuwa tambaye ni.

Shawararsa ta gaba ita ce in fara da maƙalar bita, irin wadda marubuta suka tattaro binciken da aka yi a kan batu suka auna shi, in samu sabuwa, in karanta ta da biro a hannu. Daga ita ne sunaye suka fara maimaituwa a idona. Maƙalar da kowa ke ambata, ita ce wadda dole in nemo.

A nan ne na ji daɗin aikin, kuma a nan na fi daɗewa. Kusan kowace maƙala da na buɗe sai ta ce rashin barci na awa 17 daidai yake da shan barasa. Wasu sun ce ma'aikatan jinya aka gwada, wasu sun ce direbobi, wasu ba su ce komai ba. Na kai wa Malam, ya ce, "Wa ya fara faɗa? Ki bi shi har gida." Abin ya tuna mini da isnadin hadisi: wane ya ji daga wane, wane daga wane, kuma ba a natsuwa sai an kai ga tushe an ga abin da aka faɗa da ainihin lafazinsa. Na bi manazartar wannan zuwa ta wancan har na isa. Drew Dawson da Kathryn Reid ne, daga Ostireliya, a mujallar Nature, 1997. Shafi ɗaya tak. Mutum 40 suka gwada, sau ɗaya an hana su barci awa 28, sau ɗaya an ba su barasa, ana auna yadda hannu da ido ke aiki tare a wani gwaji na kwamfuta. Bayan awa 17 ba barci, aikinsu ya lalace kwatankwacin na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Bayan awa 24, kwatankwacin kashi 0.10. Ba a asibiti aka yi ba, ba kuma kuskuren magani aka ƙirga ba. Binciken yana da ƙarfi a kan abin da ya auna, amma waɗanda suka karɓa daga bakin wasu sun ɗora masa kayan da ba nasa ba. Da na rubuta shi a kundina, na rubuta shi daidai gwargwadonsa, malamata ta ja layi a gefen ta rubuta "madalla".

Haka na bi na isa ga binciken Ann Rogers da abokan aikinta a mujallar Health Affairs, 2004. Su kam ma'aikatan jinya suka bi, su 393 a Amurka, kowacce tana cike littafin lura da awannin aikinta da kurakuranta. Sun samu cewa yiwuwar kuskure ya ninka kusan sau uku in duti ya kai awa 12.5 ko fiye. Na karanta sashen hanyar bincike a tsanake, don Malam ya ce can ne gaskiyar maƙala take, tsakure talla ne. Na lura kurakuran nan su ma'aikatan ne suka ba da rahotonsu da kansu. Duk wanda ya yi aikin asibiti ya san ba kowane kuskure mutum ke ganewa ya yi ba, ballantana ya rubuta. Wannan bai rushe binciken ba, ya dai nuna mini iyakarsa, kuma ya ba ni abin faɗa a nawa. Akwai kuma wata ta 1992 a American Journal of Public Health, ta Diane Gold da abokan aikinta, a kan ma'aikatan jinya 635 a jihar Massachusetts, wadda ta nuna masu duti mai juyawa sun ninka masu dutin rana da yamma wajen yin gyangyaɗi a kan tuƙi tsakanin gida da asibiti. Da na karanta wannan na tuna fuskokin abokan aikina da safe in mun miƙa aiki, kowacce na laluben makullin mota ido rabi a rufe.

Bin manazarta baya yake kai mutum, zuwa abin da ya girmi maƙalar da ke hannunsa. Malam ya nuna mini yadda ake yin gaba. A Scopus da Google Scholar, kowace maƙala tana da jerin waɗanda suka ambace ta bayan fitowarta. Ka danna, ka ga wa ya gaskata ta, wa ya musanta, wa ya maimaita gwajin a wata ƙasa. Ya ce Eugene Garfield ne ya kawo wannan tunani, ya fitar da Science Citation Index a 1964. A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani, kuma ita ce ɗalibai suka fi rashin sani. Tsohuwar maƙala mai kyau guda ɗaya tana iya kai ka ga sabon bincike na bana wanda kalmomin nemanka suka tsallake.

Don auna barci na bukaci ma'auni da aka riga aka gwada. Maƙalu da yawa sun yi amfani da ma'aunin ingancin barci na Pittsburgh, wanda Daniel Buysse da abokan aikinsa suka wallafa a Psychiatry Research a 1989. Tambayoyi 19 ne mutum ke amsawa a kan barcinsa na watan da ya wuce, a tattara su gida bakwai, maki ya kama daga 0 zuwa 21, wanda ya haura 5 ana ɗaukar barcinsa ba shi da inganci. Kwafe-kwafensa suna yawo a intanet, wasu an sauya tambayoyi, wasu an yi kuskure a lissafin maki. Ta ƙofar ɗakin karatu na samu ta asalin, na bi lissafin daga bakin masu shi.

Ba komai ne ya buɗe ba. Akwai wata tsohuwar maƙala ta shekarun 1980 da ake yawan ambata, rajistarmu da mujallar ba ta kai can baya ba. Malam ya ba ni fom na aro tsakanin ɗakunan karatu, na cike sunan mujalla, shekara, juzu'i, fitowa da shafuka, suka nema daga wata jami'a, bayan 'yan kwanaki hotonta ya shigo mini ta imel, har da inuwar yatsan wanda ya danne shafin a gefe. Wata sabuwa kuma, ya ce in rubuta wa marubuciyar kai tsaye, adireshinta yana shafin farko. Na yi ta jan ƙafa, ina ganin ina ni ina farfesar wata ƙasa. Ya ce, "Sista, ba wanda ya rubuta maƙala don a ƙi karantawa." Na rubuta layi kaɗan, ta aiko, ta haɗo da wata da ban ma san da ita ba.

Sai batun gurɓatattun mujallu. Na samu wata maƙala da ta yi daidai da batuna kamar don ni aka rubuta ta, kyauta kuma. Na kawo ta da murna. Malam ya sa gilashi ya duba shafin farko, ya nuna mini da bakin biro: ranar da aka karɓe ta da ranar da aka amince da ita kwana uku ne tsakani. Ya ce wane masani ne ya karanta, ya yi gyara, aka mayar wa marubuci, ya gyara, a kwana uku? Muka buɗe shafin mujallar, ga ta tana wallafa jinya da injiniyanci da noma a fitowa ɗaya. Ya ce akwai masu karɓar kuɗin marubuci su buga ko mene ne, wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana jera sunayensu har ya sauke jerin a 2017. Amma ya hana ni yi wa duk mujallar kyauta kuɗin goro. Da yawansu nagartattu ne, kuma akwai DOAJ, fihirisar mujallun kyauta da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, wadda take tantance mujalla kafin ta sa ta. Ya ƙara da cewa ko babbar mujalla tana iya janye abin da ta buga. Ya ba ni misalin maƙalar Andrew Wakefield a kan allurar rigakafi, wadda The Lancet ta buga a 1998 ta janye a 2010, amma har yau akwai masu ambatarta. Fayil ɗin da ke yawo a waya ba ya ɗauke da tambarin janyewa in an sauke shi kafin a janye. Shafin maƙalar a PubMed yana ɗauke da shi. Tun daga nan duk maƙalar da zan sa a kundi sai na koma na duba shafinta, ta lambar DOI, wato lambar nan mai farawa da 10 da ɗigo wadda ba ta sauyawa ko da mujalla ta sauya gida.

Akwai abin da ya same ni a tsakiyar aikin wanda ba na kundi ba ne. Ina cikin nema na ci karo da cewa hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sa aikin dare a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar daji, rukunin 2A, tun 2007, ta kuma sake tabbatarwa a 2019. Gabana ya faɗi. Na lissafa shekarun da na yi ina kwana a tsaye. Shafukan labarai da na leƙa suka ƙara mini tsoro, don kanunsu babu "mai yiwuwa" a ciki. Da a da ne, da nan zan tsaya, in kwana da abin a raina in kuma yaɗa wa abokan aiki. Sai na yi abin da aka koya mini. Na shiga ta ɗakin karatu na nemo taƙaitaccen rahoton da masanan suka buga a The Lancet Oncology a 2019. Sun ce hujja a kan dabbobin gwaji isasshiya ce, a kan mutane kuwa taƙaitacciya ce, an ga alaƙa da dajin mama da na prostate (wata gaɓa ta maza da ke ƙasan mafitsara) da na hanji amma binciken bai zo ɗaya ba, kuma ba a iya kawar da wasu dalilan ba. Rukunin kuma yana magana ne a kan ƙarfin hujja, ba girman haɗarin da ke kan mutum ɗaya ba. Ban ce hankalina ya kwanta gaba ɗaya ba. Amma na san abin da aka sani da inda sanin ya tsaya, na je na yi gwajin da ya kamata mace mai shekaruna ta yi, na ci gaba da aikina.

Maƙalu da suka taru, sai na koma Zotero, manhajar kyauta da ke adana bayanan kowace maƙala ta kuma jera manazarta da kanta. Ta rage mini wahala sosai, ko da yake sai an bi bayanta, don takan kwaso sunan marubuci a juye.

Alhamdulillahi, na kare kundin lafiya. Na koma na yi wa Malam godiya, ya ce aikinsa ke nan, abin da ke damun sa shi ne yawancin ɗalibai sai saura mako guda su miƙa aiki suke zuwa, wasu kuma har su gama ba su san teburinsa ba. Ya kuma gaya mini abin da zai biyo baya, don kada ya zo mini ba zato: in aka rufe rajistata, ƙofar nan za ta rufe. Haka aka yi. Wata rana na sa lambata ta ƙi shiga. Ya riga ya nuna mini inda zan dosa. PubMed Central, wanda aka buɗe a 2000, cike yake da cikakkun maƙalu kyauta. Akwai Unpaywall, ɗan ƙari da ake sa wa manhajar buɗe shafukan intanet, yana nuna in akwai halattaccen kwafi na kyauta a ma'ajiyar wata jami'a. Akwai rubuta wa marubuci. Ɗakunan karatun jami'a da dama kuma suna barin baƙo ya zauna a kwamfutarsu ya karanta a nan take, sai dai a tambaya. Layin neman da muka gina na adana shi a PubMed, yana aiko mini da sababbin maƙalu ta imel.

Da na koma bakin aiki cikakke, aka kira taro a kan jadawalin duti. Shekara da shekaru muna kuka da jera wa mutum dogayen darare a jere, ana ce mana raki ne. Wannan karon na je da maƙalu uku a buge, na ja layi a inda ya kamata, na kuma faɗi iyakar kowacce da bakina kafin wani ya faɗa mini. Shugabarmu ta karɓa ta ce za ta duba. Ba a sauya jadawalin gaba ɗaya ba, don ma'aikata ba su isa ba, wannan kuwa ba maƙalar da za ta magance shi. An dai daina haɗa wa mutum dutin dare da na safiyar da ke biye, aka kuma ce in kawo abin da bincike ya nuna a kan ɗan gajeren barci lokacin hutun dare, ko yana taimakawa ko nauyin tashi daga shi ya fi amfaninsa. Shi nake kan nema yanzu, ni da wasu ƙannena biyu a wurin aiki da suka fara nasu karatun, kuma rajistarsu tana nan da rai.